Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Limamai, Fastoci, Masu Unguwanni da Shugabannin Makarantu na Jos

Iyayena da yayyena, masu riƙe da mumbari, masu riƙe da unguwa da masu riƙe da aji,

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga iyayensa, da fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ina neman izininku in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. An haife ni a Jos, a nan na yi karatu, a nan na yi aikin koyarwa har na ajiye, a nan kuma na binne mahaifina da mahaifiyata. Da gangan na rubuta muku da Hausa, domin da ita ake fassara huɗuba a masallatanmu, da ita ake wa'azi da waƙoƙin yabo a majami'u masu yawa na wannan jiha, inda Littafi Mai Tsarki na Hausa yake hannun jama'a tun 1932, kuma da ita manomin dankali daga Bokkos yake ciniki da dillalinsa a Farin Gada. Idan akwai abin da rikici bai raba mu da shi ba, to harshen nan ne, shi ya sa na bi ta kansa domin in iso gare ku baki ɗaya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a cikin gidana. Ɗana na uku, wanda aka haifa a 2003, ya sami takardar zuwa hidimar ƙasa, aka tura shi wata jiha a kudu. Daren da zai tafi muna zaune a zaure ina yi masa nasiha, na ce ya nemi abokan kirki a can, kada ya tsaya ga Hausawa 'yan'uwansa kaɗai. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce mini shi bai san yadda ake fara hira da wanda ba Musulmi ba, in ba ciniki ne ya haɗa su ba. Na ce ya lissafa mini abokansa tun daga firamare. Ya lissafa fiye da 20, babu ɗan Birom ko ɗaya, babu ɗan Afizere ko Anaguta, babu Ibo, babu Bayerabe Kirista, balle a zo ga wanda launin fatarsa ya bambanta da namu. Da ya ga raina ya ɓaci, sai ya dube ni cikin ladabi ya ce: "Baba, a ina zan gan su?" Na rasa amsar da zan ba shi, domin ni na sa shi a firamaren unguwarmu, ni na zaɓa masa sakandaren da duk ɗalibanta addininsu ɗaya, ni kuma na tura shi jami'a a Kano saboda tsoron abin da kan sami ɗalibai duk lokacin da gari ya rikice. Yaron bai ƙi kowa ba. Hanyar da zai bi ya san su ce muka toshe, mu iyayensa da ku shugabanninsa.

Ba zan shiga gardamar wanda ya riga wani zama a Jos ba, domin kwamitocin bincike, tun daga na Mai Shari'a Fiberesima a 1994 har zuwa na Niki Tobi da na Bola Ajibola, sun cika takardu a kanta. Abin da babu mai musunsa shi ne kuza ce ta cika garin nan da mutane iri-iri. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka fara haƙar ta, jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Kano da Bauchi da Barno da ƙasar Tibi da kudu, wasu don kansu, wasu kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka kwaso su da ƙarfi, abin da tsofaffinmu ke kira diban gwamna. Turawan mulkin mallaka ne suka fara ja mana layi a ƙasa. Tsarin garuruwa na zamanin Gwamna Lugga ya tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440, babu gini a cikinsa, tsakanin unguwar Turawa da mazaunin baƙar fata, da hujjar kare Bature daga sauro da cututtuka. Kakanninmu sun san zafin wannan layi, kuma sun san cewa ba sauro kaɗai aka yi shi domin tarewa ba.

Mahaifina direba ne a ɗaya daga cikin kamfanonin kuza da ke wajen Bukuru, kuma shekara 14 ya yi yana tuƙa wani injiniya Bature. Kullum suna tare a mota daga safe har yamma, ya san tarinsa, ya san lokacin da yake cikin fushi tun kafin ya buɗe baki. A faɗar mahaifina mutumin ba azzalumi ba ne, bai taɓa danne masa ko sisi ba. Amma a tsawon shekarun nan bai taɓa shiga gidansa ta ƙofar gaba ba, kuma idan Baturen ya shiga kulob cin abinci, shi a gindin bishiya yake jiransa. Ranar da zai koma Ingila ya ba shi agogon hannu da takardar yabo, suka yi musafaha, shi ke nan. Har mahaifina ya rasu ban taɓa jin ya kira shi abokinsa ba, "maigidana" yake cewa.

Akwai kuma wani mai farar fata a rayuwar mahaifina, wani Kwara ɗan asalin Labanan da ke da kantin yadi a cikin gari. Kirista ne, yana jin Hausa kamar jakin Kano, kuma sayen atamfar sallah ne ya fara haɗa su. Bayan la'asar mahaifina kan biya ta kantin, a shimfiɗa musu tabarma a bayan kanta, su sha gahawa, su yi ta gardama a kan siyasa da farashin kaya kowa yana ɗaga murya, gobe kuma su sake haɗuwa. Lokacin da mahaifina ya kwanta ciwon ajali, ina tsaye a bakin ƙofa na ga mutumin nan ya tuɓe takalmansa ya shiga ɗakin, ya zauna a ƙasa kusa da shimfiɗarsa, ya riƙe hannunsa har aka kira magariba. Da aka yi rasuwa, kwana uku yana zuwa zaman makoki tare da mu, ana ba shi haƙuri kamar yadda ake ba mu. Launin fatar mutanen nan biyu kusan ɗaya ne, kuma Baturen ya fi Kwaran daɗewa tare da mahaifina nesa ba kusa ba. Abin da ya raba su shi ne ɗaya ya zauna da shi a tabarma ɗaya, ɗayan kuma tsarin zamaninsa ya hana shi, shi ma bai nemi ya ƙetare tsarin ba.

Ni kuma aminina na farko a duniya ɗan Birom ne. Benci ɗaya aka zaunar da mu a aji ɗaya na firamare, saboda tsawonmu ɗaya. A gidansu na fara shan gwaten acca, kuma sai da na girma na gane cewa mahaifiyarsa ta ware tukunya guda domina, nama kuma ba ta saye sai a wurin mahauta Musulmi, don kada in zo gidan in rasa abin da zan ci. Idan Kirsimeti ya zo, mahaifinsa yakan aiko a kira babban yayana ya yanka musu akuya, domin maƙwabta Musulmi su ci ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Idan layya ta zo, ni ake ɗora wa kwanon soyayyen nama in kai musu. Tare muke tafiya a ƙasa zuwa filin wasa mu kalli Mighty Jets, ƙungiyar da ta ci gasar lig ta farko a Najeriya a 1972, inda Sam Garba Okoye da Isma'ila Mabo suke sanye da riga iri ɗaya, kuma babu wanda ya taɓa tambayar inda ɗan wasa yake ibada kafin ya tafa masa. Ba na cewa a wancan lokaci babu raini ko gori, akwai su, kuma manya sun san inda gizo yake saƙa. Amma an bar yara su san juna, kuma wannan sanin ne ya ceci raina daga baya.

Ranar Juma'a 7 ga Satumba, 2001, rikici ya same ni a unguwarsu, na je duba mahaifiyarsa da ba ta da lafiya. Kafin mu ankara hayaƙi ya tashi ta ko'ina, hanyoyi sun toshe. Kwana biyu na yi a ƙuryar ɗakinta. Ya karɓi hulata da babbar rigata ya ɓoye, ya ba ni nasa kayan, matarsa kuma ita ke kawo mini ruwan alwala a buta, ta tsaya a bakin ƙofa har in idar da salla. Ina jin muryoyin samari a waje suna tambaya ko akwai baƙo a gidan, ina kuma jin muryarsa yana amsa musu da yarensu ba tare da ta yi rawa ba. A makon nan kimanin mutum 1,000 suka rasa rayukansu a garin nan. Bayan haka sai gobarar babbar kasuwar Taminus a Fabrairun 2002, sai rikicin Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, sai Janairun 2010 da abin da aka yi a Kuru Karama, sai Maris na shekarar da abin da aka yi a Dogo Nahawa. Na jera sunayen nan biyu tare domin kowane ɓangare yana da kabarin da yake kuka a kansa, kuma kowane ɓangare yana da wanda ba ya son a ambata.

Bayan kowane rikici sai gari ya ƙara tsagewa. Mutane suka yi ta musayar gidaje, Musulmin da ke Tudun Wada ko Angwan Rukuba ya nemi Kiristan da ke Angwan Rogo ko Rikkos, kowa ya koma cikin nasa, sau da yawa a kan farashin da bai kai rabin darajar gidan ba. Aminina ma ya tashi daga inda yake ya ƙara nisa. Yau kowa ya san titin da ba ya ƙetarewa bayan magariba, mai keke-napep yakan dubi suturar fasinja kafin ya amsa ko zai je, kasuwanni sun rarrabu, makarantu masu zaman kansu sun yawaita kowace da irin 'ya'yan da take ɗauka, kasuwar Taminus kuma, wadda ita ce babbar mahaɗar garin nan, fiye da shekara 20 ke nan ba a maido da ita yadda take ba. Ni da aminina muna waya kusan kowane mako, kuma idan muna son ganin juna mukan haɗu a wani wuri a tsakiyar gari da rana tsaka. Amma 'ya'yana ba su san gidansa ba, 'ya'yansa ma ba su san nawa ba. Abotar da ta yi fiye da shekara 50 tana neman ta mutu tare da mu, ba ta bar magaji ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mun san sunan wannan tsari idan a ƙasar wasu muka gan shi. A Afirka ta Kudu, dokar 1950 ce ta ware wa kowane launin fata unguwarsa, Turawa daban, baƙar fata daban, Indiyawa daban, kuma Najeriya tana sahun gaba wajen yaƙar wannan wariya, har ma'aikatan gwamnati suka ba da gudummawa daga albashinsu a shekarun 1970. A can ma abin da ya taimaka wajen karya tsarin har da amincin mutanen da suka ƙi yarda da layin. Ahmed Kathrada Musulmi ne ɗan asalin Indiya, an yanke masa ɗaurin rai da rai tare da Nelson Mandela a 1964, suka yi shekaru a kurkukun tsibirin Robben suna fasa dutse tare, kuma a jana'izar Mandela a Disamban 2013 ya tsaya gaban duniya murya na rawa ya ce ya rasa ɗan'uwa. Su doka ce ta raba su, suka haɗu duk da haka. Mu babu dokar da ta raba mu, kuma ko launin fatarmu ɗaya ne, amma mun shata wa kanmu yadi 440 da hannunmu, muna kuma renon 'ya'yanmu a bayansa.

Na san ana ƙoƙari, kuma ba zan raina shi ba. An yi zaman tattaunawa tsakanin al'ummomin Jos a 2013 da 2014, an kafa hukumar gina zaman lafiya ta jiha a 2016, kuma da yawa daga cikinku kun sa hannu a takardun alkawari. Amma taron otal yana haɗa shugabanni ne, waɗanda dama sun san juna, yawancinsu ma ajinsu ɗaya a makaranta kamar ni da aminina. Ana ɗaukar hoto, a ci abinci, kowa ya koma unguwarsa, yaran da ke riƙe da dutse ranar rikici kuwa ba su cikin hoton. Tun a 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Gordon Allport, ya yi bayani a kan wariyar da ke tsakanin fararen fata da baƙaƙen fata na ƙasarsu, ya ce cuɗanya kaɗai ba ta kawar da ƙiyayya. Tana yin amfani ne idan waɗanda suka haɗu suna kan matsayi ɗaya, suna aiki tare a kan buri ɗaya maimakon su yi takara da juna, kuma manyansu sun sa musu albarka. Mahaifina bai taɓa jin sunan wannan masani ba, amma labarinsa da Baturen nan da Kwaran nan shi ke nan. Sharaɗi na ƙarshe, wato amincewar manya, shi ne a hannunku, kuma shi ne dalilin da ya sa wasiƙar nan take zuwa gare ku ba ga matasa ba.

Allah ya gafarta malamai, ni ɗalibinku ne, ban zo in yi fatawa ba. Amma na zauna a gabanku shekaru da yawa, kuma daga bakinku na ji cewa saɓanin harsuna da launuka yana cikin ayoyin Allah, kamar yadda ya zo a Suratur Rum, kuma an yi mu dangogi da ƙabilu ne domin mu san juna, kamar yadda ya zo a Suratul Hujurat. Daga bakinku na ji cewa Bilal Bahabashe da Salmanu Bafarishe da Suhaibu sun tsaya sahu ɗaya da manyan Ƙuraishawa, kuma da Abu Zarri ya yi wa wani gori da mahaifiyarsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya masa cewa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Duk wanda ya je aikin Hajji daga cikinmu ya ji yadda kalmar "takari" take sauka a zuciya, ya san cewa gorin launi da asali ba labarin littafi ba ne. Na san kuma akwai ayoyin da suka yi gargaɗi a kan jiɓintar waɗanda ba Musulmi ba, kuma su ne yaranmu suka fi ji. Roƙona shi ne ku karanta musu su tare da aya ta 8 ta Suratul Mumtahana, wadda ta ce Allah bai hana a kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba, a kuma yi musu adalci. Ku ba su labarin sahabban da suka sami mafaka a wurin Najjashi sarkin Habasha, da Muɗ'im ɗan Adiyyu da ya ba Annabi kariya bayan dawowarsa daga Ɗa'ifa alhali bai musulunta ba, da yaron Bayahude da Annabi ya je duba shi yana rashin lafiya. Yaron da ya ji rabin karatun nan ya rasa rabi zai tashi yana ganin cewa gaisuwa da maƙwabcinsa ma raunin imani ne.

Ku kuma iyayenmu fastoci, hedikwatar COCIN da ta ECWA duk a garin nan suke, kamar yadda a nan aka kafa Izala a 1978, don haka abin da aka faɗa a mumbarin Jos yana kai wa nesa. Ban isa in koya muku littafinku ba, amma mahaifiyar aminina ce ta fara ba ni labarin Basamariyen nan da ya tsaya ya ɗauki wanda 'yan fashi suka jikkata, alhali mutanensu ba sa ga maciji da juna. Ta ba ni labarin ina yaro, ta kuma aikata shi a kaina ina magidanci. Ina roƙonku ku gaya wa yaranku cewa Bahaushen da ke yi musu ɗinki ko sayar musu da albasa ba shi ne ya kai hari ƙauyensu ba, kuma wanda aka haifi kakansa a Gangare ba shi da wani garin da zai koma.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ta shafe mu duka. Mu a gidajenmu yaro yana jin "arne" tun kafin ya iya alwala, yana jin ana kiran Ibo da sunan da suka sha gaya mana ba sa so. A ɗaya ɓangaren kuma yaro yana jin "baƙi" da "'yan zuwa" a kan mutanen da aka haife su asibiti ɗaya da shi. Abin da ya fi ba ni baƙin ciki shi ne yadda kalmar "aboki" kanta, wadda babu mai daɗinta a Hausa, ta koma sunan raini da ake jifan Bahaushe da shi a biranen ƙasar nan. Bahaushe kuwa ya san hanyar da ake bi a mai da bambanci zumunci, domin shi ne mai taubasantaka, tsakanin Fulani da Barebari, tsakanin Gobirawa da Yarabawa, tsakanin Kanawa da Zage-zagi, inda mutanen da kakanninsu suka gwabza suka koma abokan wasa. Liman ko fasto ko mai unguwa da ya tsawata wa babban mutum a bainar jama'a saboda ya furta irin kalmomin can ya yi aikin da taro goma ba zai yi ba.

Shugabannin makarantu, ku ne na fi sanin aikinku, don haka a kanku zan fi nauyaya roƙo. Ziyarar yini guda, wadda ake jera yara su yi waƙar zaman lafiya a raba musu biskit, ba ta haifar da abota. Abin da nake nufi shi ne makarantar da ke Bauchi Road ta ƙulla da wadda ke Kabong ko Jenta na tsawon shekara, ɗaliban aji uku na babbar sakandare su riƙa haɗuwa kowace Asabar suna shirin jarrabawar WAEC da JAMB, a zaunar da su biyu-biyu a gauraye, domin mai ƙarfi a lissafi ya ja mai ƙarfi a Turanci, kowa yana bukatar ɗan'uwansa. Na yi shekaru ina lura da yara a aji, kuma ban ga abin da ke ƙulla aminci da sauri kamar tsoron jarrabawa ɗaya ba. Haka nan ƙwallo. Garin da ya haifi Mikel Obi da Ahmed Musa bai rasa yara masu ƙafa ba, amma gasar da ake haɗa unguwa da unguwa, wannan ta Musulmi wannan ta Kirista, tana ƙara kaifin layin ne. A gauraya yaran a ƙungiya ɗaya, mai tsaron gida daga Dilimi, mai cin ƙwallo daga Gada Biyu, su yi nasara tare ko su sha kashi tare. Masu unguwanni kuma, ku kuka san kanikawa da teloli da masu walda da masu gyaran waya na unguwanninku. Ku roƙi kowane maigida ya ɗauki yaro ɗaya daga tsallaken titi ya koya masa sana'a, ku kuma tsaya a matsayin masu lamuni ga iyayen yaron. Shekara uku a ƙarƙashin mota ɗaya, ana cin abinci a kwano ɗaya, ta fi kowace lacca.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini shi a majalisa. Za a ce tsoron nan ba na banza ba ne, akwai waɗanda maƙwabcin da suka yarda da shi ne ya nuna gidansu, akwai matafiyan da aka tare a hanyar Rukuba a Agustan 2021, akwai mutanen Yelwa Zangam da aka kashe cikin dare kwanaki kaɗan bayan haka, kuma har yau ƙauyuka a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi ba su daina binne mutane ba. Duk gaskiya ne, kuma ba na neman uwar da ta rasa ɗanta ta manta. Abota ba ta maye gurbin shari'a, wanda ya kashe rai dole a kama shi a hukunta shi ko daga wane gida ya fito, kuma wannan nauyi ne a kan hukuma wanda ku ma ya kamata ku riƙa tuna mata da murya ɗaya. Amma ku dubi abin da ya faru a ƙauyen Nghar Yelwa da ke Barikin Ladi a Yunin 2018, lokacin da Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci 'yan Birom, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban masu bindiga ya ƙi ba da su. Gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019, duniya ta yaba. Abin da ba a cika ambata ba shi ne dalilin da shi kansa ya bayar, cewa shekaru fiye da 40 kafin nan Kiristocin garin ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin. Mutanen da ya ɓoye ya san su, ya san iyayensu, ya je makokinsu sun zo nasa. Tambayar da take hana ni barci ita ce, idan irin wannan rana ta sake zuwa bayan shekara 20, lokacin da tsarata da ta aminina ta ƙare, wane ne a cikin 'ya'yanmu zai buɗe ƙofa, kuma ga wa zai buɗe ta, alhali bai san ko mutum ɗaya a tsallaken ba?

Ni dai na fara da gidana. Bayan ƙaramar salla zan aurar da 'yata, kuma na kai wa aminina goron gayyata da hannuna har ƙofar gidansa, karo na farko cikin shekara 15 da na taka unguwar. Na ce masa ba shi kaɗai nake gayyata ba, ya zo da matarsa da 'ya'yansa da jikokinsa, kuma su kwana. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko zan iya lamunce masa lafiyar yaran. Na je wurin mai unguwarmu da limamin masallacinmu na gaya musu, dukansu suka ce sun ɗauki nauyi, liman ya ƙara da cewa shi da kansa zai fito bakin titi ya tarye su. Ɗana zai dawo daga kudu saboda bikin, kuma na riga na gaya masa cewa ɗakinsa ne za a sauki samarin.

Naku cikin girmamawa,
Wani tsohon malamin makaranta, haifaffen Jos.